Ayarin Raƙuman da Na Gani a Gabas

Shekaranjiya aka rushe tsohuwar katangar maƙwabtanmu, za a ɗora ta bulo. Ba a gama kwashe ƙasar ba sai aka yi ɗan yayyafi a kanta. Ina zaune a ƙofar ɗakina ƙanshin ya biyo iska ya same ni, ƙanshin ƙasar ginin da ta sha makuba, ta sha rana shekara da shekaru, yau kuma ta ji ruwa. Wanda bai tashi a gidan ƙasa ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ni kuwa ina shaƙa sai ga ni a kan soron gidanmu na Madabo, ƙafa ba takalmi, ina 'yar shekara tara ko goma, kakata tana tsakar gida ta ɗaga murya tana cewa, "Ƙawata, me kika gani a gabas?"

To, ku gyara zama, maganar tana da ɗan tsawo.

Mu Barebari ne a asali. Kakannin kakanninmu ne suka zo da kanwa, suka sauke kaya a Kano, ba su ƙara ɗauka ba. Ba abin da ya rage mana na Barno sai tsagar fuskar kakata da 'yan kalmomin da take yi mana faɗa da su in ranta ya ɓaci. Ni 'yar fari ce, don haka ana yaye ni aka miƙa ni ɗakinta. Mahaifina bai taɓa kama sunana ba. In ta kama dole sai ya ce "yarinyar nan", yana kallon wani wuri. Ni ma in na ji takunsa sai in kauce, in kuwa ba wurin kaucewa sai in durƙusa in yi shiru har ya wuce. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka tarar. Shi ma ɗan farin kakata ne, ita ma ba ta faɗin sunansa. "Mai kanwa" take ce masa, don sana'ar gidan ya riƙe.

Duk unguwa Iya ake kiranta, kuma duk unguwa an san ta da sanin sama. Ta ce tun tana ƙarama ta koya a wurin mahaifinta, wanda ya yi rayuwarsa a kan hanya da ayari, inda in ka kasa gane hadari kanwarka ta narke a bayan jaki. Matan unguwa ba sa shanya tsaki ko kuɓewa a kan soro da damina sai an aiko an tambaye ta. Masu rini ma sukan aiko, masu biki ma haka. Ba ta taɓa cewa ta san gaibu ba. Takan ce, "Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi sa'ad da Ya so. Amma baƙon kirki yakan aiko da sallama kafin ya shigo. Ni sallamar nake saurara."

Kwanci tashi, yanar ido ta soma rufe mata gani. Da fari tana ganin sama kamar ta cikin tsumma, daga baya sai haske da duhu kawai take rarrabewa. Shi ne ta mai da ni idonta. Kullum bayan sallar asuba, da gari ya soma washewa, sai in hau matakalar soro in tsaya jikin rawanin ginin, in dubi gabas ta wajen Fagge, in juya in dubi Dala da Gwauron Dutse, sannan in sauko in gaya mata.

Da fari nakan ce, "Akwai gajimare, Iya."

Sai ta ce, "Gajimare kuma sunan mutum ɗaya ne? In aka tambaye ki wa ya zo, sai ki ce mutum? Koma ki dubo fuskarsa."

A haka na koya, ina hawa ina sauka har cinyoyina su yi tsami. Sunayen da take ba gajimare nata ne, ban taɓa jin su a bakin kowa ba. Akwai wanda yake can ƙololuwa, siriri, fari, kamar an ja zare daga auduga an watsar. Wannan ta ce masaƙi ne, ba ruwa a hannunsa, ki yi shanyarki. Amma in ya yi ta kauri har ya lulluɓe sama, rana ta yi sansani, wato da'irar nan ta kewaye ta, to a soma gyara indararo, kwana ɗaya ko biyu za a ji labari. Akwai tumaki, farare tas, masu shafaffen ciki, kowace tana kiwonta ita kaɗai. In la'asar ta yi suka narke, gobe ma lafiya. In kuwa suka soma haɗa kai suna hawa kan juna, cikinsu yana baƙi, to makiyayinsu yana tafe da sanda. Akwai bayan zabuwa, ɗigo-ɗigo a jere, shi wannan ba ya alkawari, cewa kawai yake gari zai sake hali.

Hadari kuma kowanne da halinsa. Wanda ya taso ja, iska ce da ƙasa, ya cika maka tuwo da yashi ya wuce bai ba ka ko ɗigo ba. Wanda ya taso baƙi ƙirin, gindinsa a datse kamar an ja layi da wuƙa, wannan dattijo ne, abin da ya faɗa shi zai yi. In ka ga cikinsa ya yi kore-kore, ka shigar da kaji, ƙanƙara ce. Na marka kuwa ba ya ko tsawa. Daga kudu maso yamma yake rarrafowa, toka-toka, ya lumshe gari kwana biyu, kwana uku, yana tsiyaya a hankali. Iya ta fi tsoronsa a kan duk masu hargagi, ta ce shi ne yake cin katanga tun daga gindi yana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Amma akwai wanda ta fi ja mini kunne a kansa. Da sassafe yake fitowa, can ƙasa-ƙasa a gabas, siririn layi ne mai 'yan tozaye a kansa a jere. Ayarin raƙuma take ce masa. Ba ya daɗewa, kafin hantsi ya ɓace, gari ya yi garau kamar an share. Ta ce, "Waɗannan 'yan gaba ne, sun zo duba masauki. Duk ran da kika gan su, ko sama ta yi fes kamar ƙwaryar amarya, uban tafiyar yana isowa kafin magariba."

Ana nan, ana nan, sai ƙasa ta rikice, aka shiga yaƙin basasa. Ni dai abin da na sani, maza sun koma kwana da tashi a gindin rediyo a zaure, kuma samari sun soma raguwa a unguwa. Aka ce wani jirgi ya zo ya jefa wuta a wajen filin jirgi, daga nan kowa ya koma ɗaga kai sama. Mutanen da ba su taɓa duban gajimare ba sai ga su suna dubawa, amma ba ruwa suke nema ba. Iya ta ce, "Allah Sarki, sama ta yi masu kallo ran da ba ta so."

A cikin waɗanda suka tafi har da Baffana, ƙanin mahaifina, autan Iya. Mahaddaci ne, yana cikin rubuta Alƙur'ani da ka, ya kai wajen izu arba'in. Ba wanda ya yi zaton mai riƙe alƙalami zai ɗauki bindiga. Abokansa ne suka tafi, shi ma ya wayi gari ya zo ya durƙusa a gaban Iya. Ta shafa kansa ta ce ya je, Allah Ya tsare. Ya fita ya bar ɗakinsa yadda yake: buzu a shimfiɗe, takardun da ya rubuta a cikin gafakar fata a cikin ɗan alkukin bango, kurtun tawada, alƙaluma a cikin gwangwani, farar riga a rataye a ƙusa, takalmansa na gida a bakin ƙofa.

Tun daga ranar Iya ta kafa doka. A share ɗakin, a buɗe shi ya sha iska, amma ko tsinke kada a fitar. Ta ce, "Kayan mamaci ake kwashewa. Ɗana yana da rai." Wasiƙa takan zo jefi-jefi, wani lokaci wata uku ba a ji komai ba. A irin wannan lokacin takan sa in kai ta ƙofar ɗakin, ta tsaya ta shaƙi warin tawada da fata, ta juyo. Ɗakin nan shi ne abin da take riƙe da shi. Muddin yana tsaye da kayansa, a wurinta auta ya fita ne zai dawo.

To, a bazara ta biyu da tafiyarsa, aka yi ruwan fari, ɗan kaɗan, sai ga danshi a kusurwar ɗakin. Aka kira magini. Wani tsoho ne mai faɗin asalinsa Fulani, ko da yake ko gaisuwa bai iya da Fillanci ba, kuma kun san wasan da ke tsakaninsu da Barebari. Ya tsaya a tsakar gida ya yi kira yadda aka saba, "Za a hau sama!" don matan maƙwabta su kintsa. Ya hau ya dudduba, ya sauko yana kaɗa kai. Gara ta cinye azara uku. Sai an yaye rufin kusurwar nan gaba ɗaya, a sa sababbin azara, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa, a yaɓe. Kwana uku yake so ba ruwa. Da can aikin rani ne, amma ma'aikatansa duk sun shiga soja, shi ya sa aikin unguwa ya taru masa har damina ta kawo kai.

Ya ce, "Sai a kwashe kayan ciki, baiwata."

Iya ta ce, "Bafulatanin da ba shi da saniya sai jaki, wa ya tambaye ka? Kai dai yi rufinka. Kayan suna nan inda suke."

"In ruwa ya zo fa?"

"Ni zan gaya maka ran da ba zai zo ba."

Aka tsaya a kan haka. Jakuna suka kawo ƙasa aka kwaɓa a ƙofar gida, azara ta iso. Kullum da safe in hau in sauko, Iya ta saurara, ta ce, "Ba yau ba." Kwana ɗaya, ba yau ba. Kwana biyu, ba yau ba. Har kwana biyar. A cikin biyar ɗin nan sau ɗaya kawai aka yi ruwa, sauran hadarin duk ya zagaye ya zuba a wani wuri. Magini ya soma tsiya, yana cewa da ya bi ta tasa da yanzu an gama har an manta. Mahaifina ba ya musu da Iya, amma na ga ransa ya soma ƙuna, don kwaɓin ƙasa yana bushewa ana sake jiƙa shi, ga shi yana da tafiya a gabansa.

Ran kwana na shida, ina kan soro, sai ga su can ƙasa-ƙasa a gabas. Siririn layi, da tozayensu a jere, rana tana taɓa kawunansu. Na ƙirga bakwai. Ban yi shakka ba ko kaɗan.

Ina saukowa sai na tarar da abin da ban saba gani ba. Mahaifina da kansa yana tsaye a gindin matakala, shi da magini. Daga tsakar gida ba ka ganin gabas, katanga ta tare, sai abin da ke bisa kanka. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Iya, yau kam gari garau yake. Ko ƙyallin gajimare babu. Yau za a fara in Allah Ya so."

Na durƙusa a gefen tabarmar Iya. Ta juyo da fuskarta wajena ta ce, "Ƙawata, me kika gani?"

Ku da kuka tashi kuna hira da iyayenku maza kuna dariya, ba za ku san nauyin da ya danne ni ba. Mutumin da ban taɓa buɗe baki a gabansa ba, ga shi tsaye taku uku daga inda nake, ya riga ya ce babu. Ni ce zan ce akwai? A gaban baƙo? Da ƙyar na ce, ƙasa-ƙasa, "Fari ne, Iya. Kaɗan ne."

"Tumaki?"

Na ce, "I."

Kalma ɗaya ce, ba ta fi ƙwayar gero ba. Iya ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta daɗe. Ta ce, "Iska ba ta ce mini komai ba. To, bismilla."

Kafin magini ya gama karyawa ya hau, raƙuman sun ɓace, sama ta yi fes. Na ce a raina, wataƙila yau Iya ba ta yi daidai ba, wataƙila su ma za su zagaye. Na yi ta roƙon Allah a kan haka. Kafin azahar an yaye kusurwar, an zare ruɓaɓɓun azara, rana ta faɗa cikin ɗakin Baffa har kan buzunsa.

Sai gari ya ɗaure. Iska ta tsaya cik, ganyen dalbejiya ko motsi, zufa tana bin bayan kowa. Ana idar da sallar azahar na lallaɓa na hau. Gabas ta riga ta tara. Wani farin gini ne ya tashi tun daga ƙasa, yana tafasa yana hawa kan kansa, ya fi Dala sau nawa, can bisa kuma kansa ya baje ya yi faɗi. Uwar maƙera Iya take ce wa wannan, don kamarsu ɗaya da ƙarfen da maƙeri yake dukan ƙarfe a kai. Ta ce in ka ga an kafa ta, to jira guduma. Gindinsa kuwa ya soma baƙi.

Na sauko da gudu, na faɗa ɗakin Iya, na kama ƙafarta.

"Iya, uwar maƙera ce. Kuma da safe ba tumaki na gani ba. Raƙuma ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Nawa?"

"Bakwai."

"Kin gan su sarai?"

"Sarai."

Ina jira ta tambaye ni abin da ya hana ni faɗa, ba ta tambaya ba. Ta ce, "Ni na tambaye ki a inda bai kamata ba. Tashi ki kama hannuna." Muka fito tsakar gida, ta ce da ƙarfi, "A gaya wa mai kanwa ruwa yana tafe kafin la'asar sakaliya."

Nan gida ya hautsine. Magini ya juya ya dubi gabas, ya yi salati. Aka shiga miƙa masa zana da tabarmi da tsofaffin buhunan kanwa, yana rufe ramin yana dannewa da azara. Ya leƙo daga sama, wannan karon ba wasa a bakinsa, ya ce, "Iya, wannan ba zai tsaya wa iskar da ke zuwa ba. Don girman Allah a fitar da kayan yaron nan."

Mahaifina ya matso ya durƙusa. "Iya, takardun. Tawada ce, ko ɗigo ba ta so."

Ta ce, "Ba mai taɓawa."

Aka yi cirko-cirko. Can sai cida ta yi gunji daga nesa, a hankali, kamar ana mirgina turmi a ɗakin maƙwabta. Bayanta sai ga 'yar iska mai sanyi ta shigo ta ɗaga gefen mayafin Iya, ɗauke da ƙanshin ruwan da ya riga ya zuba a wani gari. Na ji hannunta ya matse nawa. Ta fi kowa sanin abin da iskar nan take nufi, kuma ta san saura kaɗan.

Ta ce, "Kai ni."

Na kai ta ƙofar ɗakin. Ta tsaya, ta yi sallama kamar yana ciki. Ta ce, "Auta, uwarka ce. Kayanka za su zo wurina baƙunta." Sannan ta juyo ta ce wa mutanen gida, "Na mamaci ake fitarwa a baje a tsakar gida. Waɗannan ko ƙasa ba za su taɓa ba. Daga ɗakinsa sai ɗakina, kuma ni zan kai." Ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Buɗe idonki da kyau. Ki ga inda komai yake, har inda bakin alƙalami yake kallo."

Na duba, na haddace. Na ɗora hannunta a kan gafaka, ta yi bismilla ta ɗauka ta aza a ka. Rigar kuwa da ta lalubo ta a ƙusa, sai ta ninke ta, ta ɗora a bayanta, ta ɗaure da zane kamar goyo. Haka muka ratsa tsakar gida, makauniyar tsohuwa da Alƙur'ani a ka da riga a baya, ni ina ja mata gora, maza suna tsaye ba mai iya ɗaga ido. Sau huɗu muka yi sawu. A na ƙarshe, muna ɗauke da buzu da takalma, ɗigon fari ya faɗo mini a goshi, mai nauyi kamar an jefe ni da goro.

Iska ta zo ta yi awon gaba da zana da buhuna tun kafin ruwan ya kankama. Sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Indararo suka yi ta ambaliya, tsakar gida ta zama kududdufi. Muna ɗakin Iya, tana zaune da goyonta ba ta kwance ba. Ruwa ya samu kan katanga a buɗe ya yi ta shiga. Wajen la'asar sakaliya muka ji wani ƙara mai nauyi, ba irin na tsawa ba, ƙasa ta ɗan girgiza. Kusurwar ɗakin Baffa ce ta zauna, ta ja rabin rufin.

Iya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta ƙara da cewa, "Ƙasa ce. Ƙasa ce kawai." Ta faɗa sau uku, kuma na san ba mu take gaya wa ba. A lokacin an fi wata biyu ba wasiƙa. Ranar ba ta ci tuwo ba, ni ma ban ci ba.

Washegari na ɗauka ta gama da ni. Sai na ji ta ce, "Ƙawata, rana za ta jira ki ne? Hau." Na kama matakala, ta tsai da ni. Ta ɗaga murya yadda duk gida za a ji, har mahaifina da ke tsaye yana duban ɓaraguzai. Ta ce, "Daga yau ba sai kin sauko ba. Daga can sama za ki faɗa, da ƙarfi. Ni kike gaya wa. Wanda kunnensa ya ji, ruwansa."

Haka aka yi. Daga kan soro ba na ganin fuskar kowa, sai sama. Na buɗe murya na ce bayan zabuwa ne, ya rufe rabin gabas. Ta ce, "Madalla. Ba yau ba."

Maƙwabta suka kawo tubalin da suka ajiye don nasu gyaran, wannan gida ashirin, wancan talatin. Muka jira kwana tara. Sai ɗan gajeren farin nan na ɗaukewar ruwa ya shigo, wanda yakan biyo bayan ruwan shuka, manoma suna kuka magina suna murna. Tumaki suka fito suna narkewa tun kafin la'asar, kwana biyu a jere, raɓa ta ragu. Da safiya ta uku magini ya zo ya ce yau fa? Mahaifina yana duban katanga, bai juyo ba, ya ce, "A tambayi yarinyar nan." A iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi a kaina, kuma ta ishe ni har yau.

Kwana biyar aka yi ana aiki, ko ɗigo bai sauka ba. Aka tashi kusurwa, aka rufe, aka yaɓe da makuba, aka shafe ciki da farar ƙasa. Da ya bushe muka mai da kaya, ni da Iya, sawu huɗu kamar yadda muka fitar. Buzu a inda yake, gafaka a alkuki, riga a ƙusa, alƙaluma bakinsu yana kallon sama. Ta bi komai da hannu ta shafa, ta ce, "Haka yake?" Na ce haka yake. Kwana kaɗan bayan nan wasiƙa ta zo.

Baffa bai dawo ba sai da aka gama yaƙi. Ya dawo a rame, kunne ɗaya ba ya ji, kuma ba ya son cida. In hadari ya haɗo sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi ta karatu da ƙarfi har a ɗauke. Saboda haka da damina yakan tare ni da hantsi ya ce, "'Yar Iya, yau akwai?" In na ce akwai, sai ya gama harkokinsa da wuri. A ɗakin nan ya ƙarasa izu ashirin ɗin da suka rage, Iya tana da rai aka yi walima.

Yanzu ina soron, ina matakalar? Gidan an raba, an rushe, an yi bene da kwano. Ko ka hau sama ba ka ganin gabas, ginin wani ya tare, sai tankunan ruwa da wayoyi. Jikokina in suna son sanin ko za a yi ruwa, waya suke dubawa, kuma sau da yawa takan faɗa daidai, ban ƙi ba. Kwano ba ya tsoron marka, ba mai kwana da fargabar katanga, wannan ma ni'ima ce. 'Ya'yan fari suna zama kusa da ubanninsu suna musu da su a kan ƙwallo. Wani lokaci abin yakan ba ni mamaki, wani lokaci kuma in ce da haka ake a zamaninmu da kusurwar nan ba ta faɗi ba. Sai dai ban ga wanda ya san fuskar gajimare ɗaya daga ɗaya ba. Duk sunansu ɗaya yanzu, wai gari ya yi hadari.

Ran da Baffa ya dawo, bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, ya nufi ɗakinsa muna biye. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo. Ya shiga ya taɓa gafaka, ya taɓa riga. Ya juyo, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Iya, a can duk abin da na sani ya rushe. In na rufe ido sai in ce, ɗakina dai yana nan yadda na bar shi, ba abin da ya taɓa shi. Da wannan na rayu."

Iya ta ce, "Yana nan, auta."

Mahaifina ya dubi ƙasa. Magini da ya zo barka ya shiga gyaran hularsa. Ba wanda ya yi shawara da wani, amma tun daga ranar duk Madabo ba a samu mai gaya masa ɗakin ya taɓa zubewa ba. Ya yi shekara talatin da wani abu yana kwana a ƙarƙashin rufin nan, ya rasu bai sani ba. Waɗanda suka sani duk sun bi shi, saura ni, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.